Yadda Ake Gano Matsalar Kafasiton Esi da Auna Shi Kafin a Taɓa Gas ko Kwamfareso

Daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, ƙorafi ɗaya masu gyaran esi suka fi ji: yana kunnuwa, yana busa iska, amma babu sanyi. Amsar da ta fi saurin fitowa ita ce gas ya ƙare. In an ƙara gas bai yi ba, sai a ce kwamfareso, wato injin da ke matsa gas ɗin yana zagaya da shi, ya mutu. Dukansu biyun aiki ne mai cin kuɗi, alhali sau da yawa mai laifin wani ɗan gwangwani ne na alminiyam, bai fi tsawon tafin hannu ba, yana maƙale a cikin injin waje. Shi ne kafasito, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na kwamfareso ba.

Gas ɗin esi ba mai ba ne da ake ƙonawa. A rufe yake cikin bututu yana zagayawa, kuma in ya ragu to wani wuri ne ke yoyo. Sannan ba a iya yanke hukunci kan yawan gas muddin kwamfareso bai tashi ba. Don haka tambayar farko ita ce: kwamfareson yana tashi? In ba ya tashi, kafasito ake fara aunawa. A auna shi da mita, a kwatanta lambar da ta fito da wadda aka rubuta a jikinsa. Ba da ido ba, ba da tsammani ba.

Aikin da yake yi

Wutar da ke shiga yawancin gidajenmu mai layi ɗaya ce, volt 220 zuwa 240, tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Irin wannan wutar ita kaɗai ba ta iya tayar da mota, wato injin lantarki mai juyawa, daga tsaye. Shi ya sa aka naɗa wa kwamfareso kwayil biyu, wato naɗin waya biyu, babba na tafiya da ƙarami na taimako. Idan wuta ta shige su a lokaci ɗaya, za su yi ta gurnani ne kawai babu juyi. Dole bugunsu ya saɓa, kamar mata biyu masu lugude a turmi guda: taɓarya ɗaya tana sauka, ɗaya tana tashi. Kafasito ne ke sanya wannan ratar, domin ta cikinsa wuta ke bi kafin ta isa ƙaramin kwayil. Kuma ba a tashi kaɗai yake aiki ba. Duk tsawon lokacin da kwamfareso ke tafiya yana ɗauke da wuta, shi ya sa rauninsa ke sa inji ya ja wuta fiye da ƙima, ya yi zafi, tun kafin ranar da zai ƙi tashi gaba ɗaya.

A cikin gwangwanin akwai siririyar leda da aka shafa wa ƙarfe mai tsananin siranta, aka naɗe ta, aka jiƙa ta da mai. Duk sanda wuta ta huda ledar a wani ɗan wuri, ƙarfen da ke kewaye da hudar yakan ƙone ya bar gurbin a rufe, aiki ya ci gaba. Wannan dabara ce mai kyau, amma kowace huda tana rage masa ƙarfi kaɗan. Ma'ana, kafasito yakan mutu a hankali, kuma yana iya rasa kashi ɗaya bisa uku na ƙarfinsa jikinsa na nan sumul kamar sabo.

Tsaya ka tabbatar da irin esinka

Wannan bayani na esi ne na gargajiya, mai kunnawa ya kashe, ko mai raba biyu ne ko na taga. Idan an rubuta Inverter a jikin naka, kwamfaresonsa ba ya amfani da irin wannan kafasito. Abin da ke cikin injin wajensa allo ne na lantarki mai ɗauke da manyan kafasitoci da ke riƙe volt 300 zuwa kusan 400, kuma suna iya riƙe ta na wasu mintuna bayan an zare soket. Wannan ba aikin gida ba ne, ka kira wanda ya koyi gyaran allon. Haka kuma in ba ka taɓa riƙe mita ba, ka karanta don ka san abin da za ka nemi mai gyara ya nuna maka, amma kada ka sa hannu. Wutar da ke nan tana kisa.

Mataki na farko: saurara kafin ka kwance komai

Kunna esin da rimot, ka tabbatar yana kan sanyi ba kan fanka kaɗai ba, ka saukar da lambar zuwa 16 ko 18. Sai ka fita wurin injin waje ka tsaya. Kada ka yi gaggawa: yawancin masu raba biyu suna jiran kimanin minti 3 kafin su saki wuta zuwa waje, don matsin gas ya daidaita. Mutane da dama suna yanke wa esi hukunci a cikin waɗannan mintunan.

In lokacin ya cika, ga abin da kunne da ido za su iya ba ka.

Fankar waje tana juyawa, ka ji gurnani mai nauyi na daƙiƙa kaɗan, fitilun gida su ɗan dushe, sai ka ji "ƙas", gurnanin ya yanke. Bayan minti ɗaya ko biyu a maimaita. Wannan kwamfareso ne ke ƙoƙarin tashi ya kasa, sai obalod, wato maɓallin kariya da ke yankewa in zafi ko jan wuta ya yi yawa, ya cire shi. Ita ce alamar da ta fi nuna kafasiton kwamfareso. Da ka ji haka sau biyu, kashe esin. Kowane yunƙuri yana tura wa kwayil wutar da ta ninka ta tafiya sau huɗu zuwa shida, kuma a haka ne ƙaramar matsala ke komawa ƙonewar kwamfareso. Gidajen da ke barin esi ya kwana yana wannan gurnanin su ne suke ƙarewa da sayen sabon inji.

Ko kuma akasin haka: kwamfareso ya tashi, amma fankar waje tana tsaye, ko tana juyawa a kasalance. Ɗaki ya fara sanyi, bayan 'yan mintuna sanyin ya ɗauke saboda injin ya yi zafi ya yanke. A nan kafasiton fanka ake zargi. Masu gyara kan zura siririn kara busasshe ta cikin raga su ɗan tura fiffiken, in ya kama gudu to mota lafiya, abin tayar da ita ne ya gaza. Gwaji ne mai amfani, amma da kara ake yi, ba da yatsa ko ƙarfe ba. Kafin nan ma, esi na kashe, juya fiffiken ka ji ko yana tafiya a sake. In yana cijewa, matsalar boris ce ko datti, kuma sabon kafasito ba zai warware ta ba.

In kuwa babu gurnani, babu fanka, shiru kake ji, mai yiwuwa wuta ce ba ta isa waje ba: waya, rile (makunnin da allo ke kunnawa da kashewa), ko allon ciki. Kafasito ba shi ne farkon zargi ba a nan.

Akwai abu ɗaya da ke kwaikwayon mataccen kafasito daidai wa daida, kuma a garuruwanmu ya zama ruwan dare: raunin wuta. Auna soket ɗin esin. In wutar tana ƙasa da volt 200, ko tana nuna 215 amma da kwamfareso ya yunƙura ta faɗo 170, lafiyayyen kafasito ma ba zai tayar da shi ba. Haka ƙaramin janareto da nauyin ya fi ƙarfinsa, da siririyar waya da aka jawo daga nesa. A warware wannan tukuna.

Kayan aiki

Mita mai auna kafasito. Ka duba jikinta ka ga alamar µF, ko CAP, ko layi biyu a tsaye suna fuskantar juna. Ƙananan mitocin nan masu arha da yawansu ba su da wannan. Wasu suna da shi amma iyakarsu 20µF, sai ka ɗora mai 35 su nuna maka "1" ko OL, ka ɗauka ya mutu alhali mitar ce ta kai maƙura. Nemi wadda ta kai 100 ko 200. Sai sukundireba da filaya mai dogon baki, duka masu hannun roba mara tsagewa, da rezisto, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai om 20,000 da wat 5, da wayoyi biyu masu maƙali a baki, da wayar hannu don ɗaukar hoto. Takalmin roba busasshe. In da hali, mita mai baki wadda ake maƙala wa waya ta faɗi amfiya.

In injin yana rataye a bene, wani ya riƙe maka tsani. Girgizar wuta ƙarama ma ta isa ta jefo mutum.

Mataki na biyu: yanke wuta da gaske

Kashewa da rimot ba yanke wuta ba ce. Rile ɗin da ke allon ciki waya ɗaya kawai yake katsewa, kuma in mai wayarin ya juya layi da nutural a soket, abin da ake yawan samu, injin waje zai ci gaba da ɗauke da wuta ko da esin yana kashe. Zare filogi daga soket. In kai tsaye aka haɗa shi, kashe makunnin bango da birekarsa, ka faɗa wa mutanen gida kada kowa ya taɓa.

Kada ka dogara da cewa an ɗauke wuta. Tana iya dawowa hannunka na ciki, ko wani ya tayar da janareto, ko batirin sola ya karɓa da kansa. Ina ganin wannan ya fi kowane haɗari kusa da mu, domin mun saba da ɗaukar rashin wuta a matsayin dama ta yin aiki.

Kwance murfin gefen injin waje, inda wayoyi ke shiga. A wasu sai an ɗaga murfin sama gaba ɗaya. A na taga, kafasiton yana bayan fuskar gaba, cikin akwatin da maɓallan suke. Gwada mitarka a wani soket mai wuta don ka san tana aiki, sannan ka auna inda wayoyin suka shigo: tsakanin L (layi) da N (nutural), tsakanin L da jikin inji, tsakanin N da jikin inji. Duka su nuna sifili.

Mataki na uku: hoto, sannan sauke caji

Kafin ka zare waya ko ɗaya, ɗauki hoto daga kusurwa biyu ko uku yadda launin kowace waya da ƙafar da take kai za su fito. Launin waya ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma wataƙila wani mai gyara ya riga ya canza su. A bayan murfin galibi akwai zanen wayarin, shi ma ka ɗauka.

Za ka tarar da ɗaya daga cikin tsari biyu. Ko dai gwangwani mai ƙafa biyu na kwamfareso, sau da yawa an rubuta CBB65, tare da wani ƙaramin baƙi mai kusurwa huɗu na fanka, CBB61. Ko kuma gwangwani ɗaya mai rukunin ƙafa uku, an buga C, HERM da FAN a kusa da su. Wannan kafasito biyu ne a gida ɗaya: C ta kowa ce, HERM ta kwamfareso, FAN ta fanka.

A yawancin lokuta cajin yakan zube da kansa ta cikin kwayil da zarar inji ya tsaya. Amma in wata waya ta tsinke ko kwayil ya yanke, yana iya riƙe sama da volt 300, kuma kai ba ka san wanne ne halin naka ba, tunda lalacewa ce ta kawo ka. Maƙala wayoyin nan biyu a ƙafafun rezisto, ka riƙe ta wurin roba, ka taɓa ƙafafun kafasito biyu na kimanin daƙiƙa 10. Da rezisto mai om 20,000 da kafasito mai 35µF, cajin yakan zube cikin daƙiƙa 4, sauran don a tabbatar ne. Mai ƙafa uku, yi C da HERM, sannan C da FAN. Ƙaramin baƙin shi ma a yi masa. Sai ka juya mita zuwa volt na DC, a kan babban ma'auninta, ka auna. In ta nuna kusan sifili, yanzu ana iya taɓawa.

Na san abin da ake yi a bakin titi: a ɗora sukundireba a kan ƙafafun biyu, a ji tas, a wuce. Ban goyi bayansa ba. Tartsatsin yana cin bakin ƙafa, yana raunana ledar ciki, kuma sababbin esi da yawa suna ɗauke da gas R32 ko R290, waɗanda ke iya kamawa da wuta in akwai yoyo a kusa. In babu rezisto, ƙwan lantarki irin na da, mai zare a ciki, a kan mariƙinsa da waya biyu, ya fi sukundireba. Ƙwan LED ba ya yin wannan aikin.

Mataki na huɗu: duba jikinsa, karanta rubutunsa

Zare wayoyin da filaya, kana kama maƙalin ƙarfen ba wayar ba. Kwance ɗamarar da ke riƙe da gwangwanin ka fito da shi fili.

Samansa ya kamata ya zama a shimfiɗe. In ya kumbura ya yi tozo, ko ƙafafun sun karkace, ko mai ya tsattsafo, ko robar gindin ƙafa ta narke, ya gama aiki. Masu kyau an yi su ne yadda in matsi ya taru a ciki, murfin zai ɗaga ya tsinke haɗin don kada ya fashe, don haka kumburarren kafasito galibi a yanke yake. Amma rashin kumburi ba shaidar lafiya ba ce.

Duba maƙalan wayar ma. In sun yi baƙi ko sun yi sako-sako, su kansu suna iya hana tashi, kuma zafin da suke haifarwa yana dafa kafasito.

A rubutun, abu huɗu kake nema. Ƙarfinsa, misali 35µF, wasu su rubuta uF ko MFD, duk ɗaya ne. Ratar da aka yarda da ita, galibi ±5%. Volt ɗin da yake ɗauka, yawanci 450VAC. Sai zafin da yake jurewa, 70 ko 85, wanda a wasu yake cikin lambobi kamar 40/70/21 ko 40/85/21, ta tsakiyar ce zafin. Mai ƙafa uku zai nuna lamba biyu, kamar 35+2.5µF, babbar ta kwamfareso, ƙaramar ta fanka. A esin da aka fi sayarwa a nan, mai doki 1 yakan zo da 25 zuwa 30, mai doki 1.5 da 30 zuwa 40, mai doki 2 da 45 zuwa 55, fankar waje kuma 1.5 zuwa 4. Wannan don ka san inda ake ne kawai. Lambar da za ka bi ita ce ta zanen wayarin ko takardar kwamfareson, musamman in kana zargin an taɓa canza wanda ke ciki.

Mataki na biyar: awo

Babu waya ko ɗaya a jikinsa. In ka auna shi a haɗe, kwayil zai ruɗa mitar. Kankare tsatsar ƙafa kaɗan, juya mita zuwa µF, ɗora tsinkayen biyu, kada yatsunka su taɓa ƙarfen. Irin wannan kafasito ba shi da gaba da baya, ja ko baƙi duk inda ka sa daidai ne. Jira lambar ta tsaya, takan ɗauki daƙiƙa kaɗan.

Mai ƙafa uku: C da HERM su ba ka babbar lamba, C da FAN su ba ka ƙarama. In rubutun ƙafafun ya goge, auna su bibbiyu. Biyun da suka ba da babbar lamba su ne C da HERM. Tsakanin HERM da FAN za ka ga lambar da ta ɗan gaza ƙaramar, a mai 35+2.5 kimanin 2.3. Galibi kuma C ce mai yawan harsuna, FAN mai mafi ƙaranci.

Yanzu lissafi. Mai 35µF da ±5% lafiyarsa tsakanin 33.25 ne da 36.75. Mai 2.5 tsakanin 2.38 da 2.62. In mitar ta koma nF da kanta, 2,500nF shi ne 2.5µF. Idan mai 35 ya nuna 32.5, ya fita daga iyaka, yana kan hanya. Zai iya tayar da inji da safe ya kasa da azahar, sanda matsin gas ya hau kuma wutar unguwa ta yi ƙasa. Wannan ne sirrin esin da ke aiki da dare ya ƙi da rana. Ni a ganina, a lokacin bazara duk wanda ya fita daga ratar da aka rubuta a canza shi. Wanda ya faɗi da kashi 10 cikin 100, wato 31.5 zuwa ƙasa, babu ma shawara. In ya nuna sifili, ko 'yan nF, ya yanke a ciki.

Gwaji na ƙarshe, sake sauke cajin, ka juya mita zuwa om a babban ma'auni, ka auna tsakanin kowace ƙafa da jikin gwangwanin. Dole ta nuna OL, wato babu hanyar wuta tsakaninsu. In ta ba da wata lamba, wuta na zuba zuwa jiki, kuma irin wannan ne ke kayar da bireka. Tsakanin ƙafa da ƙafa kuma, lambar za ta fara ƙasa ta yi ta hawa har ta ɓace. In ta tsaya kusa da sifili, ya haɗe a ciki. Masu tsohuwar mita mai allura sun san wannan: allura ta harba ta dawo a hankali. Sai dai harbin allura yana nuna cewa bai yanke ba kuma bai haɗe ba ne kurum. Ba ya bambance 35 da 24.

Awo yana kan aiki, ga masu sana'a kaɗai

Akwai kafasiton da ke nuna lamba mai kyau a kan tebur amma ya gaza in ya ɗau zafi. In kwamfareso yana tashi, ana iya auna shi a bakin aiki. Maƙala mita mai baki a wayar da ta tashi daga kafasito zuwa ƙafar S ta kwamfareso, wato ta ƙaramin kwayil, ka rubuta amfiya. Auna volt na AC tsakanin ƙafafun kafasiton biyu. Kada ka yi mamaki in ta fi wutar soket, takan kai 300 zuwa 400, kuma dalilin da ya sa ake sa mai 450 ke nan. Ninka amfiya da 3,183, ka raba da volt. Misali amfiya 3.1 da volt 340 sun ba da 29µF, wanda ga mai 35 faɗuwa ce ta kusan kashi 17 cikin 100.

A kula da lambar. Bayanan da aka rubuta don Amurka suna amfani da 2,652, saboda wutarsu sau 60 take kai-komo. Wanda ya ɗauko ta ya yi lissafi a Kano ko Maraɗi zai ga kowane lafiyayyen kafasito kamar ya mutu. Kuma a yi wannan awon a kan wutar layi, domin janareto in gudunsa bai daidaita ba lissafin zai kauce.

In kafasito ya fito lafiya

To kada a canza shi don neman sa'a. A juya ga kwamfareso. Wuta na yanke, cire murfin ƙafafunsa, za ka ga C, S da R: C ta kowa ce, S ta ƙaramin kwayil, R ta babba. Auna om. Daga C zuwa R yakan fi ƙanƙanta, C zuwa S ya ɗan fi, kuma R zuwa S dole ya zama jimlar biyun. Misali 2 da 3 su ba da 5. In R zuwa S ya ba da lamba amma daga C babu komai, kuma jikin kwamfareson ya yi zafin da ba ya taɓuwa, obalod ne na ciki ya buɗe. Bar shi ya huce, yana iya ɗaukar awanni, sannan ka sake aunawa. Ana zubar da kwamfareso masu rai saboda rashin wannan haƙurin. Daga kowace ƙafa zuwa bututun tagulla dole mita ta nuna OL. In kwayil lafiya, kafasito lafiya, wuta ta cika, amma yana jan amfiyar da ta kai lambar LRA da ke jikinsa, wato wutar da yake ja in ya kasa juyawa, yana yankewa, to ya cije ne a ciki, wannan sai mai gyara.

Sayen sabo da ɗaurawa

Tafi da tsohon da mitarka. A layin masu kayan sanyi, irin na Sabon Gari a Kano, za a nuna maka kala-kala, kuma akwai jabu masu rubutun 35 da ba su kai 30 ba. Auna a gaban mai shago kafin ka biya. Ɗaga shi a hannu ka kwatanta da tsohon, wanda ya cika rashin nauyi abin zargi ne. In ka sami mai jure digiri 85, ya fi dacewa da injin da ke shan rana. Wasu suna da harafin tsawon rai: A na nufin awa 30,000, B 10,000, C 3,000. Na hannu da aka ciro daga tsohon inji, ba ka san nawa ya rage masa ba.

Ƙa'ida biyu ce. Lambar µF ta zama daidai da ta asali. Volt kuma daidai ko sama, ba ƙasa ba. Akwai masu sa 50 a gurbin 35 don su tilasta wa inji tashi a raunin wuta. Zai tashi ɗin, mai gida ya yi murna, amma ƙaramin kwayil siririyar waya ce, kuma yanzu wutar da ke binsa ta ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100, dare da rana. In ba a sami lambar daidai ba, ana iya haɗa biyu ƙafa da ƙafa, 30 da 5 su ba da 35. In ɓangaren fanka ne kawai ya mutu a mai ƙafa uku, ana iya sa ƙarami daban tsakanin C da wayar fanka, ko da yake ɗan'uwansa ma shekarunsu ɗaya.

Ɗaure shi da ɗamararsa, ƙafafu na kallon sama, kada a bar shi yana reto ko jingine da bututu mai zafi. Mayar da wayoyi bisa hoto. Maƙalin da ya saki, matse shi da filaya har sai ya shiga da ƙyar, wanda ya ƙone a yanke a sa sabo. Rufe murfi kafin ka mayar da wuta. Kunna, jira mintunan nan 3. Kwamfareso ya tashi cikin daƙiƙa ɗaya ba tare da dogon gurnani ba, amfiyarsa ta zauna daidai ko ƙasa da wadda aka rubuta a allon jikin inji. Bayan minti 15, babban bututu ya yi sanyi yana gumi, iskar da ke fita a ɗaki ta fi mai shiga sanyi da kimanin digiri 8 zuwa 12. Sai a wannan lokacin ne maganar gas take da ma'ana, in sanyin bai kai ba.

Rubuta kwanan wata da lambar da ka auna a jikin sabon da alƙalami mara gogewa. In ya mutu cikin 'yan watanni, akwai abin da ke kashe shi, kuma zafi ne kan gaba. Ƙurar hunturu tana toshe ragar injin waje, don haka a wanke ta da ruwa mara ƙarfi kafin bazara, wuta na yanke, ba tare da jiƙa akwatin wayoyi ba. Injin da aka manna da bango ko aka kulle cikin keji mai matsatsi yana shaƙar iskar da ya fitar. Wanda ke kallon yamma a yi masa rumfa daga sama, a bar gabansa a buɗe. Sai wutar da ke ɗaukewa ta dawo nan take: esin taga mai maɓallin murɗawa ba shi da jinkirin kansa, a kashe shi a ba shi minti 3 zuwa 5. Inda wuta ke hawa da sauka, a sa sitabilaiza mai jinkiri wadda ƙarfinta ya kai na esin, ga mai doki 1.5 galibi 5,000VA ake sawa, a kuma ja masa waya mai kaurin 2.5mm² aƙalla daga birekarsa shi kaɗai.